Taki a Gonar Jingina

Tun da Allah Ya shimfiɗa ƙasa Ya ɗaga sama, ɗan Adam bai taɓa riƙe wata dukiya da ta kai kashin shanu amana ba. Zinariya ɓarawo yana ɗauka, takardar kuɗi gwamnati tana iya wayar gari ta canza mata launi, hatsi kuwa gara da ɓera suna da rabonsu a ciki tun kafin a fitar da zakka. Amma takin da ka zuba a gona yana nan inda ka zuba shi, yana yi maka aiki shekara uku, shekara huɗu, ba ya neman albashi, ba ya zuwa yajin aiki. Wannan magana na yi shekara talatin da ɗaya ina faɗa wa 'ya'yan mutane a lakwal, wato makarantar boko, da alli a hannuna, kuma har gobe ban janye ta ba. Abin da ban taɓa rubutawa a allo ba, don ni ma ban san shi ba a lokacin, shi ne taki gona yake riƙe wa amana, bai san sunan wanda ya zuba shi ba.

Na tsallake babin da ya kamata ya zo nan cikin tarihin rayuwata da nake rubuta muku, wato jerin garuruwan da aka yi ta jefa ni koyarwa, saboda wayar da ka bugo mini daga Damagaram, kai Sani. Ka ce ka samu wani abokinka da ya san hanyar jastis, wato kotu, kana so a tayar da maganar gonarmu ta gawo wadda Ilu ya ƙwace. Ke kuma Nana, an gaya mini kin haɗu da matar Ilu a wajen suna a Dungas, ta gaishe ki, kika duba sama kamar mai neman jinjirin wata. Tun da kuka kashe wayar nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in ji tabarma tana cizo na, in na fita ƙofar gida sai in rasa abin da ya fito da ni. Uwarku ta ce ko dai in sha magani ko in rubuta, don ta gaji da ƙarar takalmina. To ga shi na rubuta. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya sayi tambur, wato kan sarki, na takardar ƙara.

Gonar nan ta Kawu Ɗan-Tani ce, uban Ilu. Dangin uwata ne na nesa, irin nesan da sai an zauna an lissafa kakanni kafin a gano inda aka haɗu. A wani ƙauye gabas da Dungas na same shi, inda aka kai ni shugabancin lakwal mai aji uku, biyu na laka ɗaya na zana. Shekarata ta biyu a can damina ta yi gardama, rumbuna suka ƙare tun kafin tsakiyar rani, ga matarsa kwance. Ya zo ya ce in karɓi jinginar gonarsa ta bakin hanya. Ku da kuka girma a birni bari in fayyace muku, don a nan duk maganar take. Jingina ita ce ka ba mai gona kuɗi, ka riƙe gonar kana nomawa kana ci, har ranar da ya dawo maka da kuɗinka. Ba a sa rana. Ba a ƙara dala ɗaya, ba a rage dala ɗaya. Ko bayan shekara ashirin ne, ko jikansa ne ya kawo wa jikanka, gona ta koma gidansu. Na ba shi jika ɗari da ashirin, wato sefa dubu ɗari da ashirin, gaban maigari da shaidu biyu. Liman ya ja ni gefe ya ce mini malamai suna da magana kan cin amfanin abin da aka jinginar. Na ce masa zan duba littafi, har yau ina dubawa. Na rubuta cinikin a cikin kayena, littafin da nake shirya darasi, da kyakkyawan rubutu, da kwanan wata, na ja layi a ƙasa da jar tawada. Babu wanda ya sa hannu sai ni.

Gona kuwa, a lokacin, gona ce a suna kawai. Farin yashi ne wanda ko akuya ta ratsa shi sai ta yi sauri. Shekarar farko dami goma sha biyu na ɗaure, kowane dami kamar an yi masa azumi. Amma na taɓa karanta wani ɗan littafin Faransanci, tun muna makarantar horon malamai, wanda ya nuna yadda kuɗi kaɗan yake haihuwa, ɗansa ma ya haihu, jikansa ma ya haihu, in dai mai shi ya iya haƙuri bai taɓa ba. Abin ya shiga kaina ya zauna. Sai dai ni ba ni da kuɗin da zan bari ya haihu, albashi yakan zo ne kamar baƙon da bai faɗi rana ba, kuma banki mafi kusa yana Magariya. Sai na ce to gona ce bankina. Lokacin sassabe na hana 'yan ƙwadago sare 'yan tsiron gawo, na bi su ɗaya-ɗaya ina ɗaura musu tsumma don kada fartanya ta yi kuskure. Bayan kaka na riƙa ba Fulani dami biyar su sauka da shanunsu su yi kwanaki a ciki. Duk sharar gidanmu da tokar murhu amalanke ya kwashe ya kai can. A shekara ta takwas gawo arba'in da 'yan kai sun wuce tsawon mutum biyu, ƙasar ƙarƙashinsu ta yi baƙi, na ɗaure dami saba'in, ban da wake. Mutane suna wucewa kan hanyar kasuwa suna rage tafiya.

Uwarku ba ta taɓa rage tafiya ba. Tun amalanken farko ta faɗi nata.

"Mushe," haka ake kiran malamin lakwal a can, ita kuwa sai in tana so ta tsokane ni take kirana da shi, "gonar jingina ba a yi mata taki. Tambayi kowa a garin nan."

"Shi ya sa kowa a garin nan yake yadda yake," na ce.

"To. Ka yi ta yi wa 'yar wani kitso. Ranar da ta yi kyau dangi za su tuna da ita."

Na yi mata bayanin kuɗi mai haihuwa, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta saurara har na gama, ta share zanen da tsintsiya don wurin shanyar kuɓewarta ne.

A kakar shekara ta takwas ɗin nan ne gwamnati ta tuna da bashin ƙarin girma da take riƙe mini tun da daɗewa, ta biya shi a dunƙule. Jika ɗari huɗu da talatin. Ban taɓa riƙe irinsu a hannu ɗaya ba. Da na san abin da za su yi mini da na bar su a baitulmali. Na sa su cikin gwangwanin madara, na sa gwangwanin a ƙasan akwatin littattafai, daga ranar natsuwa ta bar gidanmu. Ina tsakiyar koyar da yara kogunan Afirka sai in tsinci kaina ina raba ɗari huɗu da talatin gida uku a gefen allo. Sau uku na hau babur na tafi Magariya cikin wata ɗaya. Na farko na shiga banki, wani saurayi mai ɗaure da wuya ya faɗa mini ribar da za su ba ni a shekara, sannan ya faɗi abin da za su cire na riƙe mini kuɗin, na haɗa biyun na ga ashe ni zan riƙa ciyar da banki. Na biyu na je wajen kawunku Alhaji Mudi, yayan uwarku, mai rumfa a kasuwa, wanda rabin cinikinsa a tsallaken iyaka yake.

"Sayi wake yanzu da yake arha, ka zuba a buhu mai leda, ka jira bazara," ya ce. "Ko ka kawo in juya maka su naira, in sa a kaya."

"In ƙwari suka shiga waken fa? In nairar ta faɗi fa?"

"In sama ta faɗo fa? Kai matsalarka, Mushe, ka yi karatu da yawa. Kuɗi ba ya son mai tambaya."

Na uku na tsaya a kasuwar dabbobi tun hantsi har azahar ina duba haƙoran bijimai kamar na san abin da nake dubawa, na dawo gida da tiya ɗaya ta gishiri. Kowace safiya da sabon shiri nake tashi, kowace la'asar in rushe shi. Bayan takardun jarrabawar yara duk lissafina ne. Wani yaro ya kai wa ubansa takarda, uban ya zo yana tambaya ko wannan bijimi biyu da aka rubuta a baya tara ce aka ci ɗansa.

Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi, Kawu Ɗan-Tani ya zo, yana laluben bango da sanda. Yanar ido ta sauko masa a ido biyu, na dama ya riga ya yi fari. Labarin kuɗina ya kai masa, don a ƙauye ko tari ka yi da sabon sauti sai an ji. Muka gaisa, aka kawo masa fura, ya sha, ya goge baki, ya daɗe yana juya ludayi.

"Ɗana," ya ce, "gonar nan ta san hannunka, ta manta nawa. Ka ƙara mini jika ɗari uku a kan na da, mu je gaban maigari a yi takarda, ta zama taka har 'ya'yanka. An ce a likitan Damagaram suna cire wannan abin da ya rufe mini ido. Ina so in ga gabana kafin in mutu. Ilu kuwa shekara uku ke nan da ya yi arewa, ko saƙon baki babu."

Na ce ya ba ni kwana uku in yi shawara. Ban yi shawara da kowa ba, allo na tambaya. Da yara suka tashi na rufe ƙofar aji na ɗauki alli. A hagu na rubuta dukiyar Kawu: jaki ɗaya, awaki biyu, rumbu rabi. Na tambayi kaina, yaushe mai wannan zai tara jika ɗari da ashirin ya fanshi gona? Amsa ta fito, babu rana. Ashe ke nan gonar tawa ce tun yanzu, in na biya ɗari uku na sayi abin da yake cikin aljihuna. A dama na rubuta rijiya. In na haƙa rijiya a gonar, Fulani za su zauna rani duka don ruwa ba tare da na ba su dami ba, taki ya ninka, ga lambu a gefe, ga 'ya'yan gawo na sayarwa masu kiwo. Na ja lissafin har shekara goma gaba. Wallahi ban taɓa rubuta abu mai kyau irin wannan a allo ba, har na ji tausayin gogewa. Na je gida na karanta wa uwarku daga takarda, tana tsince shinkafa.

"Ka sa Ilu a ciki?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Wane Ilu? Wanda ko uwarsa ba ta san inda yake ba?"

"Ni dai ban yi lakwal ba. Amma wanda ya haifi ɗa namiji ba a gama yi masa lissafin talauci."

"Lissafi da abin da ake gani ake yin sa, Hajiya."

"To sayi gonar, sai ka gan ta."

Ranar Asabar na tafi gidan Kawu. Na same shi a ƙofar gida tare da maƙwabta uku suna gyaran igiya. Yanzu ku buɗe kunne, don wannan ne wurin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba. Ban ce masa ba ni da kuɗi ba, ya san ina da su. Ban ce masa na yi lissafi na ga ba zai taɓa iya fansa ba, wannan ba ya faɗuwa. Sai na nemo wa rowata babbar riga na sa mata.

"Kawu," na ce, da murya irin ta ranar rabon sakamako, "Allah Ya kiyaye in raba ka da gadon ubanka don ka shiga matsi. Gonarka gonarka ce. Ni riƙo nake yi. Duk ranar da Allah Ya hore, kai ko ɗanka, ku zo ku karɓi abinku."

Na miƙa masa jika goma na ce ya sayi maganin ɗigawa. Maƙwabta suka yi ta sa mini albarka, ɗaya ya ce irin wannan sai ɗan halak. Kawu ya shafa takardar kuɗin da yatsa, ya ninke ta, ya ce, "Na ji, ɗana. Allah Ya saka." Na taho ina jin daɗin kaina har gida.

Masu haƙar rijiya daga wajen Sassumbrum na ɗauko, siminti kuwa Alhaji Mudi ya turo. Wata biyu ana aiki. Kullum aka tashi daga aji ina kan hanya, in leƙa rami, in auna igiya da gaba, in dawo, wani lokacin in sake komawa don na manta ko gaba biyar na ƙirga ko shida. Ranar da ruwa ya fito na raba goro kamar an yi mini haihuwa. Ku kanku kuna tunawa, don a kwamin shayar da shanu kuka yi ta wanka har Nana ta kamu da mura. Jika ɗari biyu da saba'in suka shige ramin nan, sauran suka bi bakin gida kamar yadda kuɗi ya saba. Fulani suka sauka kamar yadda allo ya faɗa. Komai ya tafi kamar yadda allo ya faɗa, har bazara.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa yana gyaran iri, sai ga Ilu a kan sabon babur, ledar kan sirdi ma bai cire ba. Daga wajen haƙar zinariya yake. Ya rame, yana tari, amma aljihunsa ba ya tari. Kwana biyu ya yi a gida, ya ɗauki ubansa zuwa Damagaram. Likita ya ceto idon hagu, ya ce na dama an makara, da an zo da rani da wata magana ce. Bayan sun dawo da kwana ɗaya Ilu ya yi sallama a ƙofata, da sukari da ganyen shayi. Muka gaisa sosai. Sannan ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya ajiye kan tabarma, sababbi, ko lanƙwasa babu.

"Yaya Mushe, ga jika ɗari da ashirin. A ƙirga. Mun gode da riƙo, bana ni zan shuka."

Ban ƙirga ba. Na ce sai gaban maigari. Washegari aka taru ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar fada, har waɗanda ba a kira ba. Na zo da kayena da takardun siminti, na yi jawabi irin wanda sufeton makarantu ma zai yaba. Na ce jika ɗari da ashirin na wancan lokaci bijimi biyu suke saye, na yau ɗaya ma sai an roƙi dillali. Na ce gona na karɓa tana ba da dami goma sha biyu, yau tana ba da saba'in. Na kawo rijiya, na kawo gawo, na kawo shekara takwas na taki. Maigari, tsoho ne da bai taɓa zama a aji ba, ya bar ni har na ƙare.

"Mushe, gawon nan kai ka shuka?"

"Ba a shuka gawo, ranka ya daɗe. Bari na yi ya girma."

"To Allah Ya shuka, ƙasa ta riƙe, kai ka bari. Madalla. Rijiya fa, da za ka haƙa, wa ka tambaya?"

Na hau juya shafukan kayena.

"Shekara takwas kana ɗaure dami, an taɓa zuwa an ce ka kawo haya? Da ƙasa ta cinye kuɗinka ba ka samu ko zangarniya ba, za ka ce Ɗan-Tani ya biya ka? Kuɗinka ya tsufa, gaskiya ne. Hatsin da ka ci fa, shi za ka dawo da shi?"

Mutane suka yi dariya, irin wadda ba ta da mugunta amma tana da zafi. Sai Ilu ya nemi izini.

"Ranka ya daɗe, ni tambaya ɗaya gare ni. Da rani babana ya je har gida ya ce a saya, don ya nemi idonsa. Ina so Yaya Mushe ya maimaita abin da ya ce masa."

Ban maimaita ba. Ba a buƙata, maƙwabtan nan uku suna zaune, suka faɗe shi tare kamar 'yan aji suna bitar karatu, ba su bar ko wasali ba. Gonarka gonarka ce, ni riƙo nake yi. Kawu yana gefe da auduga a ido ɗaya, bai ce uffan ba. Na fi son a ce ya zage ni. Maigari ya ce don zumunci Ilu ya ba ni wani abu na siminti, Ilu ya ce zai ba da jika hamsin. Na tashi na kaɗe riga na ce su riƙe, na bar wa Allah. Da na iso gida uwarku tana tuƙa tuwo, labari ya riga ni.

"Ko hamsin ɗin ba ka ɗauko ba?" ta ce.

Ku kuma kuna tsakar gida, kuka taso kuna tambaya ko gobe za a je rijiya. A nan na yi abin da ya jawo wannan babi. Na dube ku na ce, "An ƙwace mana gona." Kalma huɗu. Uwarku ta tsayar da muciya ta dube ni, ba ta ƙaryata ni gabanku ba, kuma ba ta taɓa maimaita maganar ba. Kafin a koma lakwal na rubuta takardar neman canjin wuri, aka dawo da ni Magariya. Jika ɗari da ashirin ɗin na kai su bankin saurayin nan mai ɗaure da wuya, don haushi, suka zauna can suna ramewa a hankali har muka cire su lokacin da Sani zai tafi jami'a. Kawu ya yi shekara shida yana ganin duniya da ido ɗaya. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahun baya. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na shirya kalmomin da suka dace, kun san halin malamin lakwal.

Saboda haka, Sani, ka bar abokinka ya huta. Babu wanda ya ƙwace mana komai. An yi mini tayin gona da rana tsaka, da farashin da nake da shi a cikin gwangwani, na ƙi, don ina ganin na fi mai ita wayo. Ni na yi asarar rijiya, shi ya yi asarar ido, in za a kai wani jastis ku san wanda za a fara kira. Nana, ki nemi matar Ilu ki gaishe ta, ko a waya ne. In kuma kuna son abin da tsohonku ya tsinta a harkar ajiya, tunda yanzu ku ma kuna ɗaukar albashi kuna ta tambayata inda za ku sa, ba shi da yawa. Haƙuri yana haihuwa, littafin nan bai yi ƙarya ba, na gani da idona a gindin gawo. Amma kafin ka yi haƙurin shekara goma a kan abu, fara sanin na wane ne, a rubuta, kowa ya sa hannu, har wanda ba ya nan a tambayi inda yake. Kada ka zuba duk abin da kake da shi a rami ɗaya, ko da ramin yana ba da ruwa. Kuɗin da aka dawo maka da shi daidai bayan shekaru ba daidai ba ne. Kuma in lissafinka ya yi kyau ƙwarai, ya nuna ribarka tana rataye ne a kan wani ya dawwama cikin talauci, goge allon. Mutane ba sa zama inda ka rubuta su.

Saura abu ɗaya, tunda na ce ku karanta har ƙarshe. Bara bayan kaka Ilu ya zo nan Magariya ya same ni. Kuɗin zinariya ya daɗe da ƙarewa, tarin nan bai bar shi ba, ga aurar da 'ya a gabansa. Kuɗin sallamata na ritaya bai fi wata biyu da fitowa ba, kuma na riga na je kasuwar dabbobi sau biyu. Na ce ya sayar mini da gonar, ko nawa ne, a yi takarda. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Haba Yaya Mushe, gona mai rijiya da gawo arba'in ai ba a sayarwa." Uwarku tana bayan labule, na ji ta ajiye kwano da ƙarfi.

Jika ɗari bakwai na ba shi, gaban sabon maigari da shaidu biyu. Jingina ce. Shanun Fulani sun sauka a cikinta ranar Talata.